Ranar da Na Ja Maka Iska a Tsohuwar Barga

Zuwa ga Kosta, mijina, itacen da na zauna a inuwarsa tun ina budurwa har furfura ta same ni a wurin. Ruwan sanyina a tsakiyar bazara, murhuna a ranar da ƙanƙara ta toshe ƙofa. Zumar da ba ta gundura, kuma mai taurin kan da babu na biyunsa daga nan Sombor har bakin kogin Danube.

Ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan farko. Ina fatan ruwan zafin nan da suke tsoma ka a ciki yana ratsa ƙashinka, ina fatan masu yi maka gashi ba su gaji da kai ba tukuna, kai ma ba ka fara koya musu aikinsu ba.

Likitarka ta ce in daina kiranka a waya ina zuba kamar famfo, kai kana can kana "uhm, uhm." Ta ce in riƙa rubutowa, kai kuma ka karanta da ƙarfi, don harshen nan da ciwo ya ɗaure ya ƙara sakewa. To, ga shi nan. Zan ja maganar da tsawo da gangan, kuma kada ka tsallake layi, na san halinka. In maƙwabcin gadonka ya ji, ya ji. Ai ba sato ka na yi ba, a coci aka ba ni kai, gaban jama'a.

Gida yana nan lafiya, sai dai ya yi mini yawa. Inabin tsakar gida ya nuna har yana zuba, na cika kwando na raba wa maƙwabta. Kyanwa ta gaji kujerarka ta bakin taga, tana kallona kamar ni ce baƙuwa. Da safe nakan dafa gahawar mutum biyu, sai na jera kofuna a tebur nake tunawa.

Amma ba don in yi maka kukan kewa na ɗauki alƙalami ba. Zuciyata a kwance take, Kosta, kamar kogi bayan ambaliya ta wuce. Abin da ya kwantar da ita kuwa yammacin Lahadin nan ne, jajibirin tafiyarka asibitin gashi. Shi nake so mu sake zagayawa tare, a hankali, kamar yadda muke zagaya lambu.

Ka san yadda muka ci wannan shekara. Tun safiyar da na same ka kwance a gindin inabi, almakashin datse rassa a gefenka, ɓarin jikinka na hagu ya shanye, ban sake ganin mijina sosai ba. Ƙafa ta dawo, da sanda. Magana ta dawo, tana ɗingishi. Hannun hagu kuwa ya kwanta a cinyarka kamar tsuntsun da ya bugi gilashin taga, bai mutu ba, bai tashi ba. Ciwon bai ba ni tsoro ba. Ni ungozoma ce, na san abin da jiki ke iyawa da wanda ba ya iyawa. Kai ne ka ba ni tsoro. Ka sauke labule. Ka hana abokanka shigowa. Kai da babu bikin aure a gundumar nan da ba a ji akodiyonka ba, akwatin kiɗan nan da hannun dama ke taɓawa na hagu yana ja masa iska, ka kira Zorana, 'yar amininka Lazar, ka miƙa mata shi ka ce ta rataye a bangon gidan abincinta. "Ni da shi duk mun zama kayan ado," ka ce. Sannan ka fara maganar nan da ta fi komai ƙona mini rai, wai in kai ka gidan tsofaffi, ni kuma in koma Graz wurin ɗanmu Nenad in yi renon jikoki. Da kana faɗa nakan shiga kicin in buɗe famfo, don kada ka ji abin da nake yi.

Ranar Lahadin, Zorana ta aiko cewa za ta buɗe sabuwar baƙar giyarta ta kaka, kuma ba za ta huda ganga ba sai Kawu Kosta yana wurin. Ka ce ta sha abarta. Ban yi maka gardama ba. Na shiga ɗaki na sa koriyar rigata, na shafa jan-baki, na zo na tsaya gaban madubin falo inda za ka gan ni.

"Ina za ki?" ka ce.

"Barga, wurin Zorana. Na gaji da miyar marasa lafiya. Kuma Lazar gwauro ne, ƙafafunsa biyu suna aiki, ba zan rasa abokin rawa ba."

Ka dube ni sama da ƙasa. Sannan ka ce, "Wannan ko ƙafa huɗu aka ba shi bai iya rawa ba. Miƙo mini takalmina."

Masoyina, ka tuna tafiyar? Ganye yana zuba ja da rawaya a kan titi, rana ta yi laushi kamar man shanu, ƙararrawar coci tana bugawa can nesa, mu kuwa muna tafe kamar masu rakiyar amarya. Ban taɓa sanin titinmu yana da kyau haka ba sai da sandarka ta sa na dube shi. A bakin ƙofa, da ka ji amon ƙaton molon Lazar yana ratso bango, ka tsaya cak. Na ji jikinka ya yi nauyi a kafaɗata. Na ce a raina, in ya juya zan juya da shi, ba zan ce uffan ba. Sai ka tura ƙofar da kan sanda.

Ƙamshin nan ya tare mu, na dafaffen sha'ir, mai kama da na burodi da ruwan sama a haɗe. Tukwanen tagullar Zorana suna ƙyalli a bayan gilashi kamar an kamo rana an tsare a ɗaki. Har yau ina mamakin yarinyar nan. Ni na karɓi haihuwarta, ga ta ta mai da bargar dawakin kakanta wurin da mutane ke tasowa tun daga Novi Sad don su ɗanɗani abin da ta dafa, tana yawo cikin takalmin roba tana ba ƙattan maza umarni. Wurin ya cika, iyalai da masoya da tsofaffin nan da ba sa fashin Lahadi.

Da aka gan ka sai aka sassauta murya. Wannan ya taso ya ja maka kujera, wancan ya riƙe hannunka da hannu biyu yana karkata kai kamar mai ta'aziyya. Na ga wuyanka ya fara ja, na san saura ƙiris ka ce mu koma. Allah ya yi wa Lazar albarka. Daga kan dandamali, ko molon bai ajiye ba, ya ce:

"A'a, ashe kana raye? Ni da har na kai baƙar kwat ɗina wanki."

"Ajiye ta," ka ce, kalma bayan kalma. "Da ita za a rufe ka."

"Kun ji ko? Rabin baki ya rage masa, amma dafin duk yana nan."

Aka yi dariya, muryoyi suka koma yadda suke, na ga kafaɗunka sun sauka.

Zorana ta zo da kanta ta sumbace ka a kumatu. "Kawu, yau ba ka da zaɓi, abin da na kawo shi za ka ci." Ta kawo miyar kifin kogi, ja wur, a kan taliyar gida, da gasasshen tattasai mai tafarnuwa da cuku, da burodin da suke yi da dusar sha'irin giyar. Sai can na lura babu abin da ke neman wuƙa a teburinmu, ƙayar kifin ma an zare ta tas. Kai ma na san ka gani. Irin alherin da nake so ke nan, wanda ba ya tsayawa jiran godiya.

Sannan ta huda gangar, ta tsiyaya maka ta farko a ɗan kofin da likita ta yarda, baƙa ƙirin, da farar kumfa a kai kamar ƙanƙarar farko a kan gonar da aka huɗe. Ka kurɓa, ka lumshe ido, ka jujjuya ta a baki.

"Yaya, Kawu?"

"Da ɗaci."

"Ya yi yawa?"

"Daidai. Kamar ubanki."

Kumfar ta maƙale a gashin bakinka ta hagu, inda ba ka ji. Na kai babban yatsana na share. Duk watannin nan, in na kai hannu zan taimake ka sai ka kau da kai. Ran nan ba ka kau ba. Ka juyo ka kama yatsan da leɓenka, gaban mutane, tsoho da kai. Kosta, ina kake so in sa fuskata? Zafi ya hau mini har kunne, na duƙa a kan miyata kamar mai neman wani abu a ciki.

Akodiyonka yana rataye sama da dandamali, kai kuwa ka zaɓi kujerar da za ka ba shi baya. Lazar da mai goge da matar da ke musu waƙa suka yi ta kiɗansu, mutane suna ci suna kaɗa kai. Can sai Lazar ya ce yanzu za su yi "na Radmila." Kiɗan da ka tsara mini ne a bazarar da kake nemana, lokacin da kake tsayawa ƙarƙashin tagar ɗakin haihuwa kana jiran in tashi aiki, har shugabarmu ta rantse za ta watso maka ruwan wanke-wanke. Ba ka taɓa sa masa suna ba, gari ne ya sa.

Suka fara, kuma kashe shi suka yi. Kiɗan da ke tsalle kamar ɗan maraƙi a sabuwar ciyawa, suka ja shi kamar keken shanu a cikin taɓo. Inda ya kamata ya hau, mai goge ya sauka. Lazar yana kallon rufi kamar waliyyi. Kowa a ɗakin ya san da gangan ne, mutanen da suka yi shekaru suna yin sa tare da kai. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, ko kuwa ka sani kunnenka ne ya ƙi haƙura. Na ga yatsun damanka suna gudu a kan mayafin tebur. Sai kuwa ka buga sanda a ƙasa.

"Ba haka ba ne, jakai."

Ka san ita ce magana ta farko da ta fito daga bakinka sumul, ba gargada, tun ranar da ka faɗi? Na sha jin kalmomi masu daɗi daga gare ka, ka kira ni fure, ka kira ni tauraro, amma babu wadda ta kai "jakai" ɗin nan zaƙi a kunnena.

"Mun tsufa, mun manta," in ji Lazar. "Zo ka tuna mana."

"Da wane hannun?"

Ka ɗaga hannun hagun da na dama, ka sake shi ya faɗo a tebur har cokula suka yi ƙara. "Wa zai ja mini iska? Kai?" Na ga wasan ya kai Lazar inda bai yi zato ba, na kuma ga kana laluben sandarka. In ka fita ta ƙofar nan a haka, na san ba za ka sake shigowa ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Zorana, sauko da akodiyon."

Ni fa, da ko a coci roƙona ake yi in yi waƙa a zuci. Muka rataya maka shi a kafaɗa, na jawo kujera na manne da hagunka, na zura hannuna cikin maɗaurin da naka ya yi shekaru yana shiga har fatar ta ɗauki siffarsa. Ya yi mini yawa.

"Radmila, me kike yi?"

"Kai dai taɓa naka. Gaya mini lokacin da zan ja."

Na ja. Abin ya yi wani kuka kamar saniyar da aka raba da ɗanta. Wurin ya fashe da dariya, har da kai, dariyar nan taka da ta koma gefe ɗaya.

"A hankali. Ba haihuwa kike karɓa ba."

"Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina ce wa mata su ja numfashi su saki, yau ni ake koya wa?"

"Ja. Tsaya. Matsa. Ba da ƙarfi ba, matar nan."

Muka yi ta faɗuwa muna tashi. Sai na daina sauraren umarninka, na jingina kafaɗata da haƙarƙarinka. Ashe tare kuke numfashi da shi. In za ka ja, ƙirjinka ke fara cika. In za ka matsa, shi ke fara sauka. Wannan numfashin kuwa wa ya fi ni saninsa? A gefensa nake barci tun kafin a haifi rabin mutanen da ke ɗakin. Na rufe ido na bi shi, sai kiɗan ya miƙe tsaye.

Hasken idona, da me zan kwatanta maka abin da na ji? Shekara da shekaru ina zaune a tebur ina jin kiɗan nan daga nesa, kamar mai kallon kogi daga kan gada. Ran nan faɗawa na yi cikinsa. Yana rawa a ƙashin hannuna, yana hawa kafaɗa, yana sauka har cikina. Lazar ya shigo da molonsa ya cike gurbin da yatsun hagunka suka bari, mai goge ya bi bayanka kamar ɗan rago, matar ta ɗauki waƙar, tebur bayan tebur suka karɓa. Wani tsoho ya ja matarsa suka shiga rawa tsakanin kujeru, tsumman goge baki yana lilo a wuyansa. Masu girki suka leƙo da ludayinsu. Zorana tana tsaye jikin gangarta tana share ido da bayan hannu, wai hayaƙin kicin ne.

Ba mu kai ƙarshe ba. A zagaye na biyu yatsunka suka gaji, ka tsaya a tsakiya, gumi yana tsattsafo maka a goshi. Na ji tsoron tafin tausayi. Kafin a fara shi, Lazar ya riga kowa:

"Ka tsallake wuri guda."

"Ita ce ta ƙarar mini da iska."

"Ni?" na ce. "To, gobe ka nemi wata."

"Wa za ta yarda?" ka ce.

Sannan aka yi tafi, irin wanda ake yi wa makaɗi, ba irin na majinyaci ba. Ka san bambancin, ni ma na sani. Muka koma teburinmu, ka cinye kek ɗinka na tuffa, ka sa cokali a nawa.

Rana tana gab da faɗuwa muka fito. A benci na gaban coci ka ce mu huta. Ka ce, ba tare da ka dube ni ba, "Radmila, hannun nan ƙila ba zai dawo ba." Ban amsa maka ba. Na gyara maka wuyan riga, na ce sanyi ya fara sauka. Da na buɗe baki kuka zan yi, kuma ban so in jiƙa ranar da ta yi kyau haka ba. Washegari mota ta zo, muka shiga hidimar jaka da magunguna, maganar ta tafi da kai ba amsa. To, ga amsar.

Na sani. Likitar ta gaya mini tun kafin ta gaya maka. Ƙila ya dawo rabi, ƙila 'yan yatsu su motsa, ƙila ya zauna yadda yake. Sai me? Hannu na aura? Da hannu nake so ai da Lazar na aura, nasa kamar shebur. Mutumin da na aura shi ne wanda ya tsaya ƙarƙashin taga cikin ruwan sama yana kare akodiyonsa da rigarsa shi yana jiƙewa, wanda yake tashi ya ɗumama mini takalmi a bakin murhu in an kira ni haihuwa, wanda bai taɓa wuce kuskure a kiɗa ya yi shiru ba. Wannan mutumin na gan shi ranar Lahadi, bai ragu da komai ba. In reshe ɗaya ya bushe a itacen tuffarmu, sare itacen muke yi? Kai ne gonata, Kosta, ko ta cika rumbu ko ta cika kwano. Kai ne kogina, ko ya cika ya tumbatsa ko ya janye ya bar yashi, a bakinsa na gina gidana.

Maganar gidan tsofaffi kuwa na rufe ta. Nenad ya kira shekaranjiya, ya fara lallaɓawa, wai ɗakin yana nan an gyara mini. Na ce, "Ɗana, ka gaishe da matarka, ka kawo mini jikokina da Kirsimeti. Ni ina da aiki a nan, an ɗauke ni makaɗiya." Sai ya ce, "Mama, giyar Zorana kika sha?" Na ce na sha, kuma zan ƙara. Ina roƙonka, don girman abin da ke tsakaninmu, kada ka sake ɗauko zancen nan. Hutun da kake nema mini, in babu kai a cikinsa, ni ban san sunansa ba.

Akodiyon ya dawo gida. Na je na ɗauko shi da kaina, Zorana ta ce dama bai dace da bangon ba. Lazar yana zuwa ran Alhamis, tare da ƙanwarsa, kafin ka fara haɗe gira. Shi yana taɓa ɓangarenka, ni ina ja. Ya ce kunnena na katako ne amma kafaɗata ta maƙeri ce. Karen maƙwabta yana taya mu daga bayan katanga. Sai dai numfashin Lazar ba naka ba ne, gaggawa gare shi, nakan ɓace a hanya. Zorana kuma ta ce kiɗa ɗaya kowace Lahadi naka ne in ka dawo, kuma ba za ta karɓi a'a ba.

Don haka ka yi abin da masu gashi suka ce. Ka matsa ƙwallon robar nan ko kana jin haushinsa, ka ci abincinsu ko babu gishiri. Ka dawo mini kafin ƙanƙara ta sauka, sanyin idona, abokin tsufana, don daren sanyi yana da tsawo kuma bargo ba ya numfashi. In Allah ya tashi hannun, zan koma teburina in ci kifina ina kallonka daga nesa kamar yadda na saba, ina alfahari da kai. In bai tashi ba, kujerar da ke hagunka tawa ce, babu mai karɓe ta. Kuma in faɗa maka gaskiya, Allah ya yafe mini, ban san wanne na fi so ba.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a kwantar da mu gefe da gefe,

Radmila